Idanun Mian Sahib

Litinin, 6 ga Mayu, 1935
Mun iso Srinagar. Jirgin ƙasa daga Lahore zuwa Pindi, sannan kwana biyu a mota, duk gaɓoɓina sun yi tsami. Kamfanin yawon ya ba mu gidan jirgi a kan tafkin Dal, da kuku, da ɗan jagora, wani dattijo mai jan gemu, Kadir Reshi. Ɗana Iftikar ne ya shirya tafiyar, wai duk gidajen arzikin Lahore sun zo sai mu. Matarsa Surayya ta taho da akwati guda na takalma. A kan ruwa fa.
Maigidana Mian Sahib bai ce komai ba. Shekara talatin da aurenmu, na saba.

Laraba, 8 ga Mayu
Da safe masu furanni suka kewaye mu da kwalekwale, na saye na wata tsohuwa kaf. Takalmin Surayya ɗaya ya faɗa ruwa, mun yi dariya har da hawaye, har ita. Da rana Reshi ya ce, "Begum Sahiba, in kika ci naman nan ba ki nemi ƙari ba, a aske min gemu." Gemu ya tsira.

Alhamis, 9 ga Mayu
Reshi ya nuna mana dutse mai ƙanƙara a ka. Mian Sahib ya ce masha Allah, amma inda aka shanya zannuwan gado yake kallo. Ni kaɗai na lura. Da la'asar kuma ya zuba shayi a gefen kofi. Sai na tuna tun bara ya daina karanta jarida, wai ƙarya ta yi mata yawa.

Asabar, 11 ga Mayu
Yara sun tafi sayen mayafai, mu biyu muka fita a kwalekwale mai rumfa.
Na ce, "Baban Iftikar, tun yaushe?"
Ya ce tun yaushe me. Na ɗaga hannu na ce yatsu nawa ne. Ya ce yaushe na zama likita. Can dai ya sauke murya.
"Tun bara. Yanar ido ce, kamar ta cikin madara nake kallon duniya. Kada ki gaya wa yaron. Yana ji zai zaunar da ni a gida ya hau kujerata a kamfanin katako."
"Ai ana cire ta."
"Da wuƙa, Sarwat."
Mutumin da in ya yi tari ma'aikata ke miƙewa, ashe wuƙar likita yake tsoro. Ban yi dariya ba, Allah ya taimake ni.
Sai ya ce, "To faɗa min me ke gabanmu. Reshi sunayen sarakuna yake jerowa, ni ba su nake so ba."
Na rasa ta inda zan fara. Na ce ga wata mata tana tuƙa jirgin kabeji tana zagin mijinta. Ga tsuntsu shuɗi ya cafke kifi. Ga wani Bature rana ta gasa shi, ya yi ja kamar an fere gwanda. Ya yi dariya har jirgin ya girgiza. Na manta ma yana da wushirya.

Lahadi, 12 ga Mayu
Lambun Nishat, an saki ruwan feshi. Na riƙe hannunsa kamar ni ce na gaji, in mun zo matakala sai in matsa masa hannun. Na ji Surayya tana raɗa wa mijinta, "Dubi Ammi da Abba, sai ka ce ango da amarya." Na gaya masa. Ya ce, "Ƙara riƙewa, haushi ya kashe su."

Talata, 14 ga Mayu
Yau na ƙara gishiri, na ce akuya ta ci hular wani alƙali. Ya ce, "Ƙarya kike, amma ci gaba." Muryata ta dishe. Kuku ya ba ni zuma.

Alhamis, 16 ga Mayu
Zuwa Gulmarg, can saman dutse, a kan dawakai. Hanyar siririya ce, gefe ɗaya rami, kuma ba damar in riƙe shi. Sai ga Reshi ya sauka daga nasa dokin ya kama linzamin na Mian Sahib, yana cewa, "Wannan ɗan banzan ba ya jin maganar kowa sai tawa, Sahib." Haka ya hau dutsen nan a ƙasa, da tsufansa. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.
A sama, ciyawa shar, furanni har gwiwa. Muna cin abinci Mian Sahib ya ajiye cokali ya gaya wa Iftikar maganar idon da bakinsa. Yaron ya ce, "Abba, ni shekara guda ina zaton fushi kake da ni. In na shigo ba ka kallona." Sai kuka, ƙato da gashin baki. Ya ce shi kujerar nan ko kyauta ba ya so, ƙurar katako atishawa take sa shi. Uban ya laluba ya kama kunnensa ya ce, "Rago." Surayya ta jefi mijinta da ƙanƙara don ya daina, ta sami Reshi a gemu.
Ban taɓa cin abinci mai daɗin na yau ba, kuma ya huce.

Lahadi, 19 ga Mayu
Ruwan sama. Mun wuni a ciki, ina gaya masa yadda ɗigo ke sauka a kan tafki. Ya yi barci ban sani ba, na ci gaba.

Laraba, 22 ga Mayu
Gobe sai gida. Ya yarda a yi aikin in zafi ya wuce, Iftikar ya san likitan. Allah ya sa a dace. Da gaske nake, Allah ya sa a dace.
Na ja Reshi gefe na ce ya ajiye mana ƙaramin gidan jirgi baɗi, na mutum biyu. Na ce wa Surayya don iskar nan ta karɓi ƙirjin surukinta ne. Kuma ta karɓe shi ɗin. Sai dai ko idon ya buɗe, mutumin nan bai san inda ake dubawa ba, dole wani ya zauna kusa da shi.