Rasuwar Baffa, Akawunmu na Farko

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, wannan ofishi na lauyoyi, ƙarƙashin jagorancin mahaifinmu, Mai Girma Babban Lauya, Alhaji, yana sanar da 'yan uwa, abokan aiki da duk waɗanda muke tsaya wa a kotu cewa labari ya iske mu na rasuwar ƙaninsa, akawunmu na farko, wanda babba da yaro ke kira Baffa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Su biyu suka buɗe ofishin nan, a ɗaki ɗaya bayan shagon wani tela, da tebur guda da tafireta ta aro. Alhaji na zuwa kotu, Baffa na ɗinke fayil da allura da zare, kuma ko daga barci aka tashe shi ya san inda kowace takarda take. Allah bai nufe shi da cin jarrabawar lauya ba, ko da yake sau huɗu yana rubutawa, shi ya sa sunansa bai hau allon ƙofa ba. Da ofis ya zama ɗaki uku, aka mayar da teburinsa baranda. Da aka gina bene, mu 'ya'yan Alhaji muka dawo da rigar lauya, sai aka sama masa wuri a ƙarƙashin matakala, inda ya shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. In an tambaye shi, cewa yake nan ya fi sanyi.

Akwai magana guda da ya wajaba a fayyace, don kada a ɗora wa mamaci ko mai rai abin da bai faɗa ba. A gadon asibiti marigayin ya roƙi yayansa da a ɗauki 'yarsa, wadda ta gama karatun lauya bana, a sa sunanta a allo. Ina wurin. Abin da Alhaji ya ce shi ne, "Ka huta, za a duba." Bai ce alkawari ba. An kuwa duba. Ƙa'idar gidan nan tun fil azal, allo na 'ya'yan lauya ne, kuma Baffa da hannunsa ya buga ta. Saboda haka muna roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah, su daina yi wa yarinyar murna.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Inna matarsa da ƙanwar tamu haƙuri da juriya. Takardun neman aikin da yarinyar ta kawo suna wurin mai gadi, duk ranar da ta samu sukuni ta zo ta karɓa.

Sa hannu:
Babbar 'yar Alhaji,
Lauya kuma Mai Magana da Yawun Ofis