Bakan da Lyle Ya Sayo

Laraba, 6 ga Satumba

Lyle ya sayo baka.

Kusan shekara arba'in da aurenmu, mutumin nan bai taɓa bina daji ba. Kullum yana hanya da tankar madara. Tun da ya yi ritaya ya gyara kowace ƙofa a gidan nan, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Yau kuma ya dawo daga gari da kwali kamar akwatin gawa. Baka mai kunama, irin wanda ake ɗanawa a saɓa a kafaɗa kamar bindiga. Har da madubin hange a kai.

"Verna, zo ki ga abu."

Na ce, "Wa za ka ba?"

"Nawa ne mana. Bana tare za mu shiga farauta."

Tare. Na koma kan tuffan da nake ferewa.

Alhamis, 7 ga Satumba

Ya jingina damin ciyawa a bayan sito, ya liƙa takarda. Kibiyar farko tsakiya. Ta biyu ta kusa tsaga ta farko. Daga nisan da ni ko a mafarki ba zan harba ba. Ya juyo yana washe baki, wai ashe abin ba wuya.

Ni da marigayi Baba ya sa na yi ta jan tsarkiya har yatsuna suka yi kanta kafin ya bar ni na nuna wa abu mai rai kibiya! Na ce masa damin ciyawa ba shi da hanci, ba shi da kunne, ba ya gudu. Ya ce in je in faɗa wa mai shagon.

Asabar, 16 ga Satumba

An buɗe farauta. Allah ya ba ni haƙuri.

Rigarsa tana ƙara kamar leda. Ya zo da filas ɗin kofi, da burodi da cuku a takarda mai kacau-kacau. Kuma ya yi aski ya shafa turare. Turare! Na ce, "Lyle, barewar da ke bayan coci ma ta san ka fito." Ya ce ai yana son ya burge su ne.

Duk tsawon hanya yana raɗa. Wannan sawun mene ne? Ina za mu zauna? Na kashe murhu? Na ajiye shi gindin tsohon itacen tuffa, bakin masarar maƙwabcinmu Orrin, na hau tudu zuwa nawa gadon da ke kan bishiya. Daga can ma ina jin tarinsa.

Wurin nan kaɗai nake da shi a duniya da ba wanda zai tambaye ni inda safarsa take.

Juma'a, 22 ga Satumba

Ya sayo na'urar auna nisa. Idonsa fa, aikin me yake?

Laraba, 27 ga Satumba

Na ga sawun Mai Tsage a bakin rafi. Yana nan da ransa. Kaka uku ke nan ina bin tsohon namijin barewar nan mai tsagaggen kunne, ƙahonsa kamar reshen bishiya, kuma ganin da na yi masa bai wuce a ƙirga a hannu ɗaya ba. Ya san ni, na san shi. Ban faɗa wa Lyle ba. Sai ya saya masa wata na'urar.

Asabar, 7 ga Oktoba

Ya harbe barewa.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba tare da na huda takardar ba. Iska tana bayansa, bakinsa cike da burodi, mace ta fito daga masara ta tsaya masa a gicciye kamar an aiko ta. Ni tun duku-duku ina kan bishiya, ko kurege bai kula ni ba.

Da na sauko na same shi zaune a kan kututture, fuska fara fat. Ya ce, "Verna, ta kalle ni." Na miƙa masa wuƙa, ya girgiza kai. Ni na farke ciki, shi ya riƙe ƙafafu yana kallon sama. A mota bai ce uffan ba, ya kama sitiyari da hannu biyu.

Harbin dai ya yi kyau, bayan kafaɗa, ba ta wahala ba. Wannan ba zan hana shi ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Shirun jiya ya warke. A ƙofar coci har fasto sai da ya ji labarin, kuma duk faɗa ɗaya nisan yana ƙaruwa.

Orrin ya biyo mu gida cin fanke. Ya ce, "Tsohuwa, ɗalibinki ya wuce ki. Yanzu kaya ke farauta, mutum rakiya kawai yake yi."

Na ce, "Kayan ne suka san barewa na bi ta gindin tuffan nan? Wa ya ajiye shi a wurin?"

Sai Lyle ya goge baki ya ce, "Ai ba inda kika ajiye ni na zauna ba. Tururuwa sun dame ni, na matsa can gaba."

Orrin ya yi dariya har ya ƙware. Da gangan na ƙona masa fanke na biyu.

Talata, 24 ga Oktoba

Kafaɗar dama tana ciwo. Sanyi ne.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Ya zo.

Gari na wayewa na ji karyewar itace, sai ga mace da gudu, shi kuma yana biye, kai a ƙasa, wuya a kumbure. Mai Tsage. Ya tsaya ƙasan bishiyata, kusa har ina ganin tururin numfashinsa. Iska a fuskata. Komai daidai, yadda na daɗe ina tsara shi a kaina.

Na ja tsarkiya. Rabin ja, wani abu ya soke ni a kafaɗa kamar an zura ƙarfe mai zafi. Hannu ya ƙi. Kibiya ta zame ta bugi katako, ƙwal! Ya ɗago kai ya dube ni, bai ma yi gaggawa ba. Ya hura hanci ya shige ƙurmi.

Na daɗe a zaune kafin na iya saukowa da hannu ɗaya.

Lyle ya tambaya ko na ga wani abu, na ce babu. Da yamma ya tsaya yana kallona ina ɗaga buta da hagu. Bai yi magana ba. Na fi tsanar wannan shirun nasa a kan surutun.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Shi ya kai ni asibiti, da ƙyar na yarda. Likita ta ce jijiya ce ta yage, sai tiyata a Janairu. Na tambaye ta baka fa? Ta ce, "Mu ga yadda za ta warke tukuna." Na san ma'anar wannan. Haka suka ce wa Baba game da idonsa.

A hanya Lyle ya ce, "Ga nawa nan. Ni zan riƙa ɗana miki."

"Ba na so."

"Me ya sa?"

"Wannan ba farauta ba ce, danna kunama ce. Ko Orrin zai iya."

"To zauna a gida ki yi ta sanin daji daga taga."

Da haka muka iso gida. Na rufe ƙofar mota da ƙarfi, kafaɗar ta rama masa.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na bi shi hannu rabbana. Zaman gida ya gagare ni. Kuma, ban san abin da ya hau kaina ba, na kai shi bakin rafi na nuna masa inda zai zauna. Na ce in ya ga mai tsagaggen kunne kar ya yi motsi sai dabbar ta juya kai. Gara ya faɗi a hannun gidanmu da masu bindiga su ɗauke shi mako mai zuwa. Haka na faɗa wa kaina.

Na zauna kan tudu, ina hangen komai. Hantsi bai yi ba sai ga Mai Tsage yana saukowa. Lyle ya ɗaga baka a hankali, yadda na koya masa, har na yi mamaki. Ya saita. Mai Tsage ya juya kai. Na ce a raina yanzu, yanzu, kai tsohon nan, yanzu! Ya riƙe, ya riƙe. Sai ya sauke.

Mai Tsage ya sha ruwa ya yi tafiyarsa.

Na sauko na tare Lyle. Wai ya manta bai cire makullin kunama ba.

"Ƙarya kake, Lyle. Ina kallonka ka cire."

"To na cire."

"Tausayina ka ji? Ka bar mini shi ne kamar yadda ake bar wa mara lafiya cinyar kaza?"

"Ke komai sai ya zama don ke? Na gan shi a madubin nan, har furfurar bakinsa. Na ji ban san shi ba. Ban san inda yake kwana ba, ban san komai nasa ba. Kawo ni aka yi aka zaunar."

Na ce wannan maganar banza ce, firiza ba ta san wa ya san wa ba. Ya ce ai firizar da namansa a ciki, nawa ne babu.

Har yanzu ban tabbatar wanne ne gaskiya ba. Wataƙila shi ma.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Masu bindiga sun shigo. Duk tudu ya cika da riguna ruwan lemo. Duk ƙarar da na ji daga wajen rafi sai cokali ya faɗi daga hannuna.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Bikin godiya na shekara-shekara. 'Yarmu Karin ta zo da yara, ta karɓe mini dafa talotalo, ta bushe shi kamar katako. Ta goyi bayan ubanta, kamar kullum. "Mama, kin yarda da tabarau, kin yarda da haƙorin roba, baka ne ba za ki yarda da shi ba?" Na ce haƙorin roba bai taɓa sa Orrin ya yi mini dariya ba.

Lyle ya daina shafa turaren nan. Yau na lura. Ban san tun yaushe ba.

Talata, 28 ga Nuwamba

Lokacin masu bindiga ya ƙare, ƙanƙara ta sauka. Da yamma ina wanke-wanke na hango Mai Tsage ta taga, bakin karan masarar Orrin. Ya rame, amma shi ne. Na kira Lyle, muka tsaya muna kallo har ya shige. Ruwan ya huce a hannuna.

Saura wata ɗaya a rufe farauta. Bayan nan sai wuƙar likita.

Juma'a, 1 ga Disamba

Lyle ya tafi wajen likitan haƙori. Na shiga sito neman tsintsiya. Bakan yana rataye a hanya, dole na sauke shi. Yana da nauyi, mummuna ne, kuma abin ɗana shi yana da hannu kamar na niƙa nama, da hagu ma ana juyawa. Damin ciyawar yana nan inda yake. 'Yan kibau kaɗan na harba, ba wani abu. Na zare kibau na goge su, na share sawuna a ƙanƙara, na mayar da komai yadda na same shi.

Muna cin abinci, yana tauna da gefe ɗaya, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Madubin nan kwanan nan yana ɗan kai kibiya hagu."

Na ce, "Ba hagu ba, dama."

Ya ci gaba da cin dankalinsa. Kunnuwansa kawai na ga suna motsi.

Gobe iska daga arewa za ta taso, ta yi daidai da bakin rafi. Na ce ya ɗaure burodin a tsumma.