Takwararki Ta Taka Ƙanƙara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki.

Inna, takwararki ta hau ruwa, kuma da izinina. Gara ki ji daga bakina.

Tun ranar da kududdufin bayan gidanmu ya ci Yaya Sani kika raba mu da ruwa. Kullum maganarki ɗaya ce: "Ni dai kada a sake kawo mini ɗa a tabarma." Ga ni har da furfura ban taɓa shiga kwalekwale ba.

To, a sanyin shekarar nan ta Olamfik, 'yata Ummi ta same ni a shagona na kasuwar Tianxiu. Wai makarantarsu ta zaɓe ta cikin ɗaliban da za su arewacin China, inda sanyi ke daskarar da tafki sukutum. Za su huda ƙanƙarar su auna kaurinta, su auna dusar ƙanƙarar da ta kwanta a kai, su miƙa wa masu bincike. Mu nan Guangzhou ina muka san ƙanƙara in ba ta firji ba?

Na buɗe baki zan hana, sai ta durƙusa ta zuba mini ido. Kin san lamarin. Sunanki gare ta, ko kiransa ba na iyawa, balle in daka mata tsawa. Maƙwabcina Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, har da riƙe ciki don dariya, wai wa ya aike ni haifar uwata.

Na je kasuwar Shahe na kwaso mata irin rigunan sanyin da nake aikawa Kano. Malamarsu ta shafa ɗaya ta girgiza kai, ta ce da wannan ko tashar jirgi yarinya ba za ta wuce ba. Sai da muka sake sayayya.

Da suka tafi, wallahi abinci daina shiga ya yi. Rannan da hantsi ta kira ni, ta ce tana tsaye a tsakiyar tafkin. Zama na yi a kan dilar kaya. Ta ce in kwantar da hankali, an ɗaure su da igiya, kuma ba mai taka wuri sai an auna shi. Tana ta zuba, ni kuwa kuka nake yi, ba ta sani ba.

Ta dawo lafiya, leɓe duk ya tsattsage, bakin nan bai mutu ba. Wai baɗi an yarda iyaye su raka su, kuma ita za ta riƙe mini hannu.

Na ce mata to, Inna. Tsoro nake ji ƙwarai, amma zan je.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Yaya Sani, Ya raya mana Ummi.

Ɗanki mai kewarki,
Auwalu