Wa Ya Ba 'Yan Sintiri Sunayen Yaranmu?

Zuwa ga Shugabar Ayarin Masu Binciken Laifukan Matasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Hajiya tana lafiya, ni ne Malam Idi, tsohon malamin firamaren da kuka sauka a zaurensa bara bayan girbin gero, a ƙauyenmu na gefen madatsar ruwan Watari. Kun ce kuna nazarin dalilin da ya sa samari suka fi 'yan mata faɗawa laifi. Ni na bi gida-gida na roƙi iyaye su turo 'ya'yansu, na kuma kawo tagwayena, Hassan da Usaina.

Ƙorafina uku ne. Na farko, kin yi alkawari gaban dattawa cewa ba za a rubuta suna ba. Amma Hassan ya ga mai tambayarsa ya rubuta nasa da fensir a saman takarda.

Na biyu, tambayoyin ba iri ɗaya ba ne. Usaina talla da makaranta kawai aka tambaye ta, aka sallame ta. Hassan kuwa har azahar ana yi masa tambayar sata da ƙwaya. Yaron bai iya ɓoye-ɓoye ba, ya faɗa cewa shekarar da hatsi ya gagare mu ya taɓa tuge albasa a gonar wani. Tare suka je da Usaina, ita ta riƙe buhun, amma ba wanda ya tambaye ta. To Hajiya, bambancin nan samunsa kuka yi, ko da shi kuka zo?

Na uku, da rani aka sace injin ban-ruwa. 'Yan sintiri suka zo da sunaye bakwai a rubuce, duk na samarin da kuka zauna da su, a jere yadda suka shiga zauren. Hassan ya kwana biyu a hannunsu. Daga baya an ga injin wajen wani baƙo, amma har yau ba mai ɗaukarsa aikin lambu, iyayen sauran kuma da kyar suke amsa gaisuwata.

Ban ce ke kika bayar ba. Na dai ga direbanku ya daɗe tsaye da shugaban 'yan sintirin ranar da za ku tafi.

Roƙona shi ne ki faɗa mana hannun wa takardun suka shiga, ki kuma dawo ki wanke yaran nan gaban dattawan da kika yi wa alkawari. Hassan ya yanke shawarar tafiya dako kasuwar Dawanau bayan Sallah, ya ce ba zai dawo ba. Ina so ya ji amsarki kafin ya hau mota.

Allah Ya ƙara miki ilimi mai amfani, Ya tsare miki naki 'ya'yan daga zargi.

Wassalam,
Malam Idi