A Bar Inna a Jikin Bangon Sito

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Bikin Nunin Amfanin Gona,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Isyaku. Tela ne ni a Tudun Kaya, da damina kuma manomi kamar kowa. Ban saba rubuta wa manya takarda ba. Wannan ma na biyo da ita ta jarida ne don na zo ofishinka na tarar ka fita rangadi, ga shi kuma lokaci yana ƙurewa.

Kafin in kai kuka, bari in fara da godiya. Bana sai hamdala. Ruwa ya sauka a kan kari, taki ya iso mu kafin maimai, gyaɗa ta yi, dawa ta yi. Duk wanda ya ga shekarun farin nan da suka wuce ba zai raina wannan kaka ba. Da muka ji a garinmu za a yi bikin, har Kantoma zai zo da kansa, daɗi ya kashe mu. Ni kam ɗinki ya yi mini yawa, kowa so yake ya fito da sabuwar riga.

Kukana ɗaya ne. An ba da umarni a shafe zanen da ke jikin bangon siton taki kafin ranar biki, a zana tarakta da wani manomi mai babbar riga a wurin. Tsohuwar da ke cikin zanen nan mahaifiyata ce. Inna muke ce mata, kuma Allah Ya yi mata rasuwa a farkon daminar nan.

Na farko, ga yadda aka yi zanen. Malam Habu, mai koyar da zane a firamaren garinmu, shi ya yi shi a kakar bara waccan, da izinin masu kula da siton. Ya zauna a bakin gonata da fensir bayan mun gama cirar gyaɗa, Inna tana duƙe tana kala. Da ta lura da shi sai ta ce, "Ɗan nan, 'yan mata sun ƙare ne a garin?" Ya zana ta yadda ya gan ta: zanen aikinta mai faci, ƙwarya a gefe, faso a dugaduganta, tsagen Fulani a gefen bakinta, har da ɗan yatsan da ya lanƙwashe tun ranar da saniya ta take shi tana budurwa. Matata ta roƙe shi ya sa wa Inna atamfar Sallah a zanen, ya gyara mata ƙafa. Ya ƙi, cikin ladabi. Ya ce a kwalejin horon malamai an karantar da su cewa a ƙasar Turai an taɓa yin wasu masu zane da marubuta da suka gaji da sarakuna da jarumai, suka koma kan manoma da leburori da masu wanki, suna nuna su yadda Allah Ya yi su, ba ƙari ba ragi. Ya ce da farko dariya aka yi musu, daga baya aka gane gaskiya suka faɗa. Ni ban je Turai ba, amma maganar ta shige ni. Mun tashi da tatsuniyar 'yar sarki da aljani, muna kuma son abarmu, sai dai ban taɓa ganin wani namu a jikin bango ba sai ranar da ya gama zanen. Da aka kai Inna ta gani, ta ce ya ƙara mata tsufa. Ta matsa kusa ta sake dubawa, ta yi dariya ta ce, "A'a, haka nake."

Na biyu, dalilin da aka ba mu. An ce wani ɗan kwamiti ya duba zanen ya ce baƙi za su ga yunwa, wai ga tsohuwa tana tonon ƙasa tana neman abin kaiwa baka. Ban ga laifinsa ba, ɗan birni ne, kuma kishinmu yake yi. Amma ya fahimci abin a baibai. A nan, manomi in ya cire gyaɗarsa ba ya komawa ya bi gonar yana tsince abin da ya maƙale a ƙasa. Wannan rabon masu kala ne, tsofaffi da matan da mazajensu suka rasu. Mai gonar da ya hana kala, ko ya kora awaki ciki kafin mata su gama, sai an daɗe ana zunɗensa a kasuwa. Inna kuwa ba yunwa ta kai ta ba, rumbuna cike yake, Alhamdulillahi. Sau nawa na hana ta, ta ce in ta zauna a gida ƙafafunta za su mutu kafin ita. Abin da ta samo takan soya ta yi wa jikoki ƙuli-ƙuli, man kuma ta aika wa maƙwabta. Gonar da aka yi kala a cikinta, ranka ya daɗe, gona ce da ta yi albarka har ta bar saura.

Na uku. Cikin matan da ke fita kala akwai waɗanda da gaske da shi suke rufa wa kansu asiri. Tun da zanen nan ya hau bango suke wucewa ta gabansa da ƙoƙunansu, kansu a ɗage. Fulanin da ke kora shanu ta hanyar Rogo sukan tsaya su nuna wa juna tsagenta su ce tasu ce. In aka shafe shi don kada baƙi su gani, an gaya wa matan nan ke nan cewa abin da suke yi abin kunya ne, kuma samarinmu suna kallo. Ba mu ƙi tarakta ba, wa zai ƙi sauƙi? Sai dai har yau da garmar shanu muke huɗa. Ranar da ta zo ta zauna a garin nan, na tabbata Malam Habu zai zana ta, har da taɓon da ke jikin tayarta.

Na huɗu, wannan nawa ne ni kaɗai. Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Duk Sallah yakan zo daga Ƙaraye da kyamararsa, ita kuwa sai ta shige ɗaki ta ce ba da ita ba. Ta yi tsawon rai, ta cika da kalmar shahada, ban da abin cewa sai godiya. Amma ina kewarta, kuma wannan bangon ne kaɗai inda nake ganin fuskarta. Autata ba ta fi shekara biyu ba, nan gaba ba za ta tuna kakarta ba sai in an nuna mata.

Don haka ina roƙon arziki. A bar zanen yadda yake. In ana son tarakta, bangon gabas fili ne, babu komai a jikinsa. In Kantoma ya tambaya wace ce wannan, a kira ni ko kowane dattijo a garin, za mu yi masa bayani, na kuma san zai gane, shi ma wata ce ta haife shi.

In kuwa kwamiti ya duba ya ga dole sai an shafe, ba zan yi jayayya da hukuma ba. Sai dai a sanar da ni ranar, in kawo 'ya'yana su yi mata kallon ƙarshe. Kuma kada a ɗauko ɗan ƙwadago a ba shi burushi. Da hannuna na sa ta a kabari, in za a sake rufe ta, a bar ni in yi da kaina.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa a yi biki lafiya a tashi lafiya, Ya jiƙan iyayenka da namu baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isyaku Tela, Tudun Kaya.