Layin da Isyaku Ya Tsallake

Gaya, 3 ga Oktoba

Yaya Isyaku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hindatu da yara. Ya jikin Inna?

Tunda ka daina ɗaga wayata, na koma takarda. Zaituna mai man gyaɗa za ta miƙa maka ranar kasuwar Ajingi. Yau kwanana goma sha biyu a kwance da karayar cinya, maɗori ya ce in na kuskura na shiga mota kafin kwana arba'in, gurguwa zan tashi. Allah ya sani, da ina da ƙafa ba zan roƙe ka ba.

Matarka ta faɗa min Inna ta daina cin tuwo, ko kunun ma sai da lallashi, kuma kullum maganarta ɗaya: wa zai karanta mata Zabura? Ido ya tafi, karatu kuwa dama ba ta taɓa iyawa ba. Baba ne ke yi mata, da ya rasu na gaje shi. Na gwada ta wayar Hindatu, ina ta ihu har maƙwabta suka leƙo, kunnenta bai ɗauki komai ba. Hindatu, Allah ya saka mata, ta ce da ta yi boko da tuni ta karanta. Kai kaɗai ka rage a gidan. Littafin yana cikin kwallar Inna, naɗe a ɗankwali.

Ban ce ka bar Musuluncinka ba. Bakinka kawai nake aro.

Ƙanwarka,
Zinariya

Ajingi, 10 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Zinariya,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina roƙon Allah ya ba ki lafiya.

Inna tana samun kulawa daidai gwargwado. Tun da na ɗauko ta daga ƙauye ban taɓa hana ta addu'arta ba, ko da mutanen unguwa suka yi ta ƙananan maganganu. Amma abin da kika nema daban ne. Na yi imani an ba Annabi Dawuda Zabura. Abin da ban sani ba shi ne ko ita ce a cikin kwallar Inna. Littafin Baba da naki ma kalmominsu ba ɗaya ba ne, kin sani, a kan haka muka ɓata a sadakar sunan 'yata Muhsina.

A wurinmu, in liman ya tsallake aya a sallar asham, kafin ya ja numfashi mutum uku sun gyara masa daga baya. Ku wa ke tsaron naku? Wanda ya ga dama ya cire, wanda ya ga dama ya ƙara, babu mai cewa uffan. Ba zan sa bakina a abin da ban san hannu nawa ya bi ba. Ki yi haƙuri.

Wayarki kuwa na daina ɗagawa ne don kada mu sake faɗa wa juna abin da za mu yi nadama.

Yayanki,
Isyaku

Gaya, 16 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta sa na kwana biyu ban ci abinci ba.

Haba malamin makaranta! Na Baba tsohuwar fassara ce, nawa sabuwa. Kai ba ka da fassarar Alƙur'ani biyu a kantarka? Hausarsu ɗaya ce? Asalin Zabura da Ibrananci take, kuma an tono tsofaffin rubuce-rubucenta a kogo, na tun kafin haihuwar Almasihu, aka gwada da na hannunmu. Ka duba a wayarka mana, ai ita kam kana ɗagawa in ba ni ce na kira ba.

Amma na gaji da hujja, Yaya. Shekara goma sha ɗaya muna wannan musu, ban motsa ka ba, ba ka motsa ni ba, Inna kuwa ba ta da sati goma sha ɗaya. Zaituna ta ce ƙafafun Inna sun kumbura, ta ce ta iske ta rungume da littafin a juye tana shafa shi. Jiya na ja jiki har bakin ƙofa da niyyar in hau babur, maigidana ya tsince ni a ƙasa ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Innar nan ta yi ta kai maka fura makarantar dare lokacin da ka musulunta, dangin Baba suna zaginta. Ba ta tambaye ka hujja ba. Don girman Allahn da kake bauta wa, Zabura ta ashirin da uku kaɗai, layi shida ne. In zunubi ne, na ɗauka a wuyana.

Taka,
Zinariya

Ajingi, 24 ga Oktoba

Zinariya,

Ina gaishe ki. Zan faɗa miki abin da ya faru yadda ya faru.

Hujjojinki ba su suka kai ni ɗakin ba. Ranar Talata da la'asar na dawo daga cirar gyaɗa, na ji Inna tana kiran sunan Baba, tana cewa ya zo ya yi karatu rana za ta faɗi. Na wanke hannu, na buɗe kwalla.

Na karanta da ƙarfi a saitin kunnenta. Da na hango layi na huɗu, na ga zancen mutuwa ne da duhunta, sai zuciyata ta karye. Na ce yaya zan karanta wa mai wannan hali irin wannan? Na haure shi na wuce na biyar, a raina ina cewa ba za ta sani ba.

Sai ta damƙe min hannu. Ta ce, "Isiya, ka tsallake." Na ce, "Inna, haka yake." Ta ce, "Ƙarya kake, ɗan nan. Koma baya. Wannan ɗin nake jira." Ta fara jawo shi da ka, ina bin ta da yatsa a takarda, ko kalma ɗaya ba ta kauce ba.

Kunya ta rufe ni. Ni da na tambaye ki wa ke tsaron littafinku, ni ne na cire, kuma makauniyar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ce ta gyara min daga baya.

Kada ki yi saurin murna. Ina nan a kan addinina, kuma tambayoyina ba su ƙare ba. Amma kullum bayan la'asar ina karanta mata. Jiya ta sha kunu rabin kofi.

Yayanki,
Isyaku

Ajingi, 29 ga Oktoba

Ƙanwata,

Sai haƙuri. Na kira maigidanki ya faɗa miki, amma na fi so ki ji sauran daga hannuna. Inna ta cika jiya da yamma ina tsakiyar karatu. Na ga numfashinta ya tsaya a layi na uku, ban dakata ba sai da na kai ƙarshe. Ban tsallake komai ba.

Mutanen cocinku sun zo, mun kai ta kusa da Baba. Zaituna za ta kawo miki littafin cikin ɗankwalinsa. In kin kira, zan ɗaga.

Allah ya ba mu haƙuri.

Isyaku