Wani Daga Aljeriya Yana Buɗe Shafinmu

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake. Ban san inda zan aika ta ba, shi ya sa na liƙa ta a shafin intanet na ƙungiyarmu ta manoman albasa a Wurno, kowa ya karanta.

Bari in fara da fariya, don na cancanta. Ka tuna ƙanwarka Nana, wadda ka ce ko batirin tocila aka ba ta sai ta sa shi a juye? To, ita ce yanzu ke riƙe da shafin nan. Ni ke sanar da ranar da za a saki ruwa daga madatsar Goronyo, ni ke ɗora hotunan fadama.

Watannin baya dattawan ƙungiya suka ce suna son sanin ko akwai masu leƙa shafin. Akwai kamfanonin waje da ke yi wa mutum wannan ƙidaya, amma su riƙe bayanan maziyartansa. Na ce ba da ni ba. Na samo manhaja buɗaɗɗiya wadda kowa ke iya duba cikinta, na ɗora ta a kan sabar, wato kwamfutar intanet da muke haya, na haɗa mata rumbun bayanai, na sa ɗan layin da ke ƙirga masu shigowa a kowane shafi. Ta ba ni wuya, Yaya. Ga sabis ɗin garinmu da ka sani, ina tsaka da aiki sai ya ɗauke. Ranar da ta tashi ta nuna maziyarci ɗaya daga Najeriya, na yi guɗa har kaji suka watse. Daga baya na gane ashe ni ce.

Na saita ta yadda take yanke adireshin intanet na mai shigowa. Ƙasa kawai nake gani, ba suna, ba gari.

Mutane na zuwa, har sun fi yadda muka zata. Amma a cikinsu akwai wani daga Aljeriya. Duk Juma'a yake shigowa. Bai damu da sanarwar ruwa ba, kai tsaye yake wucewa hotunan fadamar gabas, inda gonarka take, ya daɗe a wurin.

Tun da ka ƙetare sahara neman aiki wayarka ta mutu, ba mu ƙara jin ka ba. Baffa Sani, ƙanen Baba, ya ce in aka cire albasar bana za a tara malamai a yi maka sadaka, a rufe zancenka kamar na kowane mamaci. Na kai masa waya na nuna masa. Ya ce, “Mi wanga abu ya sani? Mutanen Wurno nawa ag ga Aljeriya?”

Ka san Inna da kunyar ɗan fari. Tun muna yara ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai “wancan”. Da na gaya mata zancen mutumin Aljeriya, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. Washegari sai ta ce in ɗauki muryarta in sa a shafin, wai tana da shawara ga manoma kan ajiyar albasa. Inna da ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta! Ta yi bayanin shanya da rumfa tsaf, sannan ta ƙare da cewa, “Kuma wanda ka yawo cikin sanyi shi riƙa ruhe ƙirjinai.”

Juma'ar da ta biyo, mutumin Aljeriya ya saurare ta har ƙarshe, ya sake maimaitawa. Na yi kuka a gaban kwamfuta, ba zan ɓoye maka ba.

Zan iya cire saitin nan in gano garin da yake. Na yi ta tunani, na fasa. Wataƙila kana da dalilin yin shiru, wataƙila kana jin nauyin dawowa hannu rabbana. Ba zan yi maka leƙen asiri ba.

Ga abin da na yi. A ƙasan wannan wasiƙa akwai ɗan maɓalli, na rubuta “Ni ne” a kansa. Ba ya tambayar suna ko lamba. In an danna, manhajar za ta nuna mini an danna, da ƙasar da aka danna, shi ke nan. Ku sauran masu karatu, na haɗa ku da Allah kada ku taɓa shi.

Albasa ta fara kwantar da ganye, Yaya. Inna ta ce ranar Juma'a za ta zauna kusa da ni in na buɗe kwamfuta, wai tana son ganin ko manoma sun ji shawararta.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka lafiya, ya sa kai ne.

Ƙanwarka,
Nana